Yadda Za Ka Ga Sababbin Taurari da Gajimaren da Ke Haskawa a Kewayensu Daga Zariya

Zariya tana kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma ga mai kallon sama wannan garaɓasa ce babba. Taurarin Oriyon, waɗanda mutanen Turai ke hangowa ƙasa-ƙasa ta kudu, mu kusan ta bisa kanmu suke bi. Gajimaren Karina kuwa, wanda mazaunin Landan ba zai taɓa gani daga ƙofar gidansa ba, yana leƙo mana ta kudu daga Fabrairu har Mayu. Yawancin waɗanda suka gwada suka koma hannu rabbana, abu uku ne ya kayar da su: sun fita a daren da bai dace ba, ba su ba ido lokacin da yake bukata ba, ko kuma sun je neman launukan hotunan intanet, suka tarar da toka-toka suka ce babu komai.

Me ake nema

Ba a haifar taurari ɗai-ɗai. A sararin samaniya akwai manyan gizagizai na iskar haidurojin da ƙura, masu sanyin da ya kai kusan digiri 260 ƙasa da sifili. Idan wani sashe ya yi kauri, nauyinsa sai ya rinjaye shi ya riƙa durƙushewa ciki, har ya rarrabu zuwa ɗaruruwa ko dubban taurari a lokaci guda. Wannan shi ne gungun taurari. Mafi yawansu ƙanana ne, amma 'yan kaɗan sukan ninka nauyin rana sau 20 zuwa 40, kuma su ne masu aikin. Zafinsu yana fitar da hasken altarabayolet, wanda ido ba ya gani, mai ƙarfin da ke fizge elektiron daga ƙwayar zarrar haidurojin. Duk lokacin da elektiron ya koma mazauninsa sai ya saki haske, mafi ƙarfinsa ja ne mai tsawon zango nanomita 656 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Iskar oksijin da ke ciki tana sakin kore-kore a nanomita 501. Irin wannan gajimaren, wanda masana ke kira nebula, da kansa yake haskawa.

Akwai iri na biyu wanda ba shi da hasken kansa. Ƙura ce kawai da hasken tauraro ya faɗa mata, kamar yadda fitilar mota ke bayyana a cikin hazon hunturu a kan hanyar Kano. Shi launinsa shuɗi-shuɗi ne, kuma ya fi wuyar gani nesa ba kusa ba. Na ukun baƙi ne: ƙura mai kaurin da ta tare abin da ke bayanta, sai ka ga kamar an gutsure wani gefe na hasken.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Ƙwayoyin idon da ke aiki cikin duhu ba sa bambanta launi, sun fi jin haske a wajen nanomita 500, ja kuwa kusan ba sa jinsa sam. Don haka gajimaren da kyamara ke nunawa jawur, kai toka-toka za ka gan shi, in ka yi sa'a da ɗan kore. Idonka lafiya lau yake, na'urarka ma haka.

Mataki na farko: zaɓen dare

Nan ne rabin aikin yake. Fara da kalandar Hijira, domin ita ce ke gaya maka inda wata yake. Wata yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowane dare. Daga wajen 19 ga wata, farkon dare duhu ne, kuma duhun yana ƙara tsawo har ƙarshen watan. Daga 1 zuwa 4 ga sabon wata, jinjirin yana faɗuwa da wuri, sauran daren naka ne. Daga 8 zuwa 17 kada ka wahalar da kanka da neman gajimare, sai dai gungun taurari masu haske, ko kuma ka jira watan ya faɗi can cikin dare.

Sai hazo. Mafi kyawun sama a shekarar Zariya yana zuwa ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ya wanke iska, ƙurar Sahara ba ta kankama ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa sai ka yi farauta, domin hazo zuwa yake yi yana ɗagawa, kuma tsakanin zuwa biyu akan sami dare uku ko huɗu masu kyau. Gwaji uku za su raba maka gardama. Da la'asar, duba ko ana ganin Dutsen Kufena tas daga nesa, ko kuwa ya zama inuwa kawai. Da magariba, duba ko rana ta kai bakin ƙasa da haskenta, ko ta dushe ta ɓace tun tana sama. Bayan isha'i, ƙirga taurarin Surayya, wadda muke kira kaza da 'ya'yanta: in ka sami shida da ido zalla, daren ya yi, in huɗu ne ko ƙasa, ƙura ko fitilun gari sun ci ƙarfinka.

Lokacin dare ma yana da nasa hukuncin. Abin da ke digiri 30 daga bakin ƙasa, haskensa yana ratso iska ninki biyu na wanda ke tsakiyar sama, kuma a hunturu ninki biyun ƙura ke nan. Saboda haka a jira abu ya hau. Babban gajimaren Oriyon yana kaiwa ƙololuwarsa, digiri 74 ta kudu, da misalin ƙarfe 2:30 na dare a tsakiyar Nuwamba, 12:30 a tsakiyar Disamba, 10:30 a tsakiyar Janairu, 8:30 a tsakiyar Fabrairu. Kowane wata awa biyu ake ragewa. Daga awa uku kafin wannan lokaci zuwa awa uku bayansa duk ana iya aiki. Bayan tsakar dare hayaƙin girki da na ƙona ciyawa ya lafa, an kashe janareto da yawa, sama takan fi ta farkon dare tsabta.

Mataki na biyu: wuri

Dokar ita ce ka sa gari a bayanka. Wanda ke Samaru ko Shika yana da arewa da yamma masu duhu, amma hasken Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni yana kudu maso gabas da shi. Mai son abin da ke ƙasa-ƙasa ta kudu, kamar Karina, gara ya tsaya a gefen kudu na gari. Ga Oriyon da Surayya da suke hawa can sama, tsakar gida ma ta isa, muddin katanga ta tare maka fitilar sola ta titi da ta maƙwabta. Fitila ɗaya da ke dukan idonka kai tsaye ta fi hasken gari gaba ɗaya ɓarna.

Ba sai an shiga daji ba, kuma a halin da ake ciki ba mu ba da shawarar haka. Filin makaranta, saman bene, ko bakin gona kusa da gari sun wadatar. A tafi mutum uku ko huɗu, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, domin mutane tsaye cikin duhu da dogon bututu a kan ƙafafu abin zargi ne ga wanda bai sani ba. A sa rufaffen takalmi saboda kunama da maciji, da rigar sanyi da hula, don sanyin asubahin hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma mai rawar sanyi ba ya iya riƙe madubin hangen nesa. Kada a haska koriyar fitilar leza sama: garin nan yana da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, kuma leza tana makantar da matuƙi.

Mataki na uku: kayan aiki

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne abin farawa. Nemi mai lamba 10x50: goma yawan kusantowa ne, hamsin kuwa faɗin gilashin gaba a milimita. In ka raba 50 da 10 ka sami 5, wato faɗin hasken da ke fitowa zuwa idonka milimita 5 ne. Baƙin idon matashi yakan buɗe har milimita 7 a duhu, na wanda ya haura arba'in kuwa wajen 5. Shi ya sa 7x50, mai fitar da milimita 7, yake asarar haske a idon dattijo, kuma yake sa sama ta yi fari-fari a inda akwai hasken gari.

Kafin ka biya kuɗi, riƙe shi nesa da fuska ka dubi gilasan ido: ɗigon hasken da ke ciki ya zama zagayayye, ba mai kusurwa ba. Sannan ka auna wani dogon ƙarfen sabis mai nisa, ka rufe idanu ka buɗe farat ɗaya. In ka ga ƙarfen biyu kafin su haɗe, bututun biyu ba su daidaita ba, kuma da dare kowane tauraro biyu zai zama, ga ciwon kai. Guji masu jan gilashi a gaba da masu rubutu irin 20-180x100. Lambobin na talla ne.

Saita shi haka: rufe idon dama, juya ƙarfen tsakiya har tauraro ya zama ɗigo a idon hagu, rufe hagu, juya zoben da ke kan gilashin dama kaɗai har nan ma ya zama ɗigo. Rawar hannu tana ɓoye taurari masu rauni, don haka ka kafa gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota. Ga abin da ke bisa kai, shimfiɗa tabarma ka kwanta rigingine, ka jingina madubin a ƙashin girarka.

Mai son teleskof ya nemi mai madubi a ciki, faɗin milimita 114 zuwa 150, a kan mazauni mai ƙarfi. Faɗi ake saya, domin shi ke tara haske. Kusantowa kuwa lissafi ne: tsawon fokas na bututu a raba da na gilashin leƙawa. Bututu mai 1,200 da gilashi mai 25 yana ba da 48. Da mai 10 yana ba da 120. Iyakar abin da ke da amfani shi ne ninki biyu na faɗin a milimita, don haka ƙaramin bututu mai 60 da aka rubuta wa 525 a kwali, 120 ne gejinsa. Daidaita ɗan ƙaramin madubin nema da rana a kan wani abu mai nisa, kuma kada ka taɓa juya kowanne wajen rana. Fitar da teleskof waje minti 30 kafin a fara, domin madubin da ya ɗauki ɗumin ɗaki yana sa taurari su yi ta rawa.

Sai tocila da aka rufe bakinta da jar leda ninki biyu ko uku, da manhajar Stellarium a waya, a sa ta a jan allo, a rage hasken har ƙasa. Lambobin da za ka gani a nan, irin M42 da NGC 2244, su za ka rubuta a wurin bincike. Harafin M daga sunan Charles Messier ne, Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya, wanda ya fara buga jerinsa a 1774. Yanzu jerin yana da abubuwa 110.

Mataki na huɗu: ido

Zauna cikin duhu minti 20 zuwa 30. Kallon saƙo ɗaya a farin allon waya yana mayar da kai kusan farko. Sannan ka koyi kallon gefe: tsakiyar ido ba ta da ƙwayoyin duhu, suna kewaye ne. Ka sa abin a tsakiyar madubi, ka kai dubanka ɗan gefe, hankalinka na kansa. Gajimaren da ya ƙi fitowa sai ka ga ya kumbura. In kana shakka, ɗan taɓa bututun ya girgiza. Ido ya fi kama abu mai rauni idan yana motsi.

Mataki na biyar: M42, babban gajimaren Oriyon

Da farkon dare a Nuwamba da Disamba, fuskanci gabas. Za ka ga taurari uku masu haske ɗaya a jere, kusan a tsaye, sun ɗan karkata. A hagunsu akwai jan tauraro, Betelgus. A damansu fari mai shuɗi, Rijil. Miƙa hannu: dunƙulen hannu digiri 10 ne, yatsu uku digiri 5. Daga na tsakiyar ukun, matsa digiri 4 kudu, wato dama idan suna gabas, ƙasa idan sun hau kana fuskantar kudu. Akwai wasu ƙananan ɗigo uku a jere. Na tsakiyar ba shi da kaifin sauran, kamar ya jiƙe. Shi ne.

A 10x50 za ka ga farin tabo mai taurari biyu a ciki, da fuka-fuki da suka baje kudu. Kada ka yi gaggawa. Minti biyar na kallon gefe suna ninka faɗin da ka fara gani. A teleskof fara da 48. Lura da baƙin lungu da ya kutso cikin hasken daga arewa maso gabas: ƙura ce mai sanyi da ke gaban gajimaren, irin na ukun nan. A bakin lungun akwai wani tauraro da ya yi kamar ya tsage. Sauya zuwa 120, sai ya rabu huɗu, a tsarin murabba'i mai karkata. Waɗannan su ne Tirafiziyam. Galileo ya ga uku daga cikinsu a 1617, gajimaren kansa kuwa Nicolas-Claude Fabri de Peiresc ya rubuta ganinsa a 1610. A wannan kusantowar juyawar duniya tana fitar da su daga gani cikin ƙasa da minti biyu, don haka ka ajiye su a gefe ɗaya ka bar su su ratso.

Dubi mafi haske a cikin huɗun da kyau. Nauyinsa ya haura na rana sau 30, zafin fuskarsa kusan digiri 39,000 alhali na rana bai kai 6,000 ba, kuma kusan duk hasken gajimaren nan mai faɗin tafiyar haske ta shekara 24 daga gare shi yake. Iskar da yake dafawa ta kai digiri 10,000, amma siririya ce ƙwarai: ƙwayoyi 'yan dubbai a cikin ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane gefe, inda iskar da muke shaƙa ke da biliyan sau biliyan 25. Tsabar girma ne ya sa ake ganinta. Nisan wurin ya kai tafiyar haske ta shekara 1,300 da ɗoriya, kowace shekara ɗaya kilomita tiriliyan 9.5, wato hasken da ke shiga idonka ya baro can tun ƙarnonin farko bayan Hijira. A kewayen huɗun akwai taurari fiye da 2,000, yawancinsu ba su wuce shekara miliyan ɗaya zuwa biyu ba, kuma Hubble, teleskof ɗin da ke zagaya duniya a sararin samaniya, ya ɗauko da yawansu da fayafayan ƙura a kewaye, irin waɗanda duniyoyi ke fitowa daga cikinsu. Rana tamu shekararta biliyan 4.6.

Ɗan arewa da baƙin lungun akwai ƙaramin tabo zagaye da tauraro ɗaya, M43. Gajimaren da ake kira Kan Doki, kusa da na gabashin taurari ukun, kada ka ɓata dare a kansa: hoto ne ke fito da shi.

Mataki na shida: karanta shekarun gungu

Manyan taurarin nan ba sa daɗewa. Cikin 'yan miliyoyin shekaru sun ƙone, kuma kafin nan haskensu da guguwar da ke fita daga jikinsu sun kore iskar da ta haife su. Don haka yawan gajimaren da ya rage a kewayen gungu yana nuna shekarunsa, kuma a dare ɗaya na Janairu za ka iya bin matakan duka.

Bayan M42, koma Betelgus, ka matsa dunƙule ɗaya gabas, ka ɗan karkata kudu. A madubi za ka ga taurari kamar shida, biyu-biyu a layi: NGC 2244, a tsakiyar gajimaren Rozet, nisan shekarar haske kusan 5,000. Nan aikin korar ya yi nisa, taurarin sun huda rami a tsakiya, iskar ta koma zobe mai faɗin da ya haura digiri ɗaya. Gungun yana da sauƙi, zoben kuwa sai dare mai tsabta sosai. Matacin haske mai alamar UHC ko OIII, wanda ake ɗaurawa a gindin gilashin leƙawa, nan yake nuna amfaninsa, domin yana barin koren oksijin ya wuce ya tare yawancin sauran. Yi amfani da mafi ƙarancin kusantowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kusanto har a shige cikin ramin, a rasa zoben.

A kan Oriyon, arewa da Betelgus ta yamma, akwai 'yan taurari uku a dunƙule da malaman lissafin taurari ke kira Haka'a. Su ma gungu ne mai kimanin shekara miliyan 5, kuma zoben iskarsu ya baje har ido ba ya kama shi.

Mataki na gaba yana arewa, kuma da shi ya kamata a fara da zarar an idar da isha'i, kafin ya gangara. Nemi taurari biyar masu siffar M, wato Kasiyofiya. Ja layi daga na tsakiya zuwa na kusa da shi ta gabas, ka ƙara ninki biyu na wannan tazarar. Tabo biyu ne manne da juna, NGC 869 da NGC 884, nisan shekarar haske kusan 7,500, shekarunsu wajen miliyan 13. Babu sauran gajimare ko kaɗan. A teleskof nemi 'yan taurari masu ruwan lemo a cikin fararen: manya ne da suka kumbura, ajalinsu ya kusa.

Sai Surayya, M45. Bi layin taurari ukun Oriyon zuwa arewa maso yamma, ka wuce jan tauraro Dabaran, ka isa gare ta. Nisanta shekarar haske 444, shekarunta kimanin miliyan 100, taurarinta sun haura 1,000, kuma faɗinta ya kusa digiri 2, don haka mai ido biyu ya fi teleskof dacewa da ita. Shuɗin hayaƙin da ake gani a hotunanta ba ragowar haihuwarta ba ne; wata ƙura ce dabam da gungun ke ratsawa a yanzu. Matacin haske ba ya taimako a nan, ragewa ma yake yi. Kuma a yi hattara: hazo ko tururin numfashi a gilashi yana sa wa kowane tauraro mai haske rawani. Gwajin shi ne ka juya kan Dabaran da maƙwabtansa. In su ma suna da rawanin, ƙurar Zariya kake kallo. Hayaƙin Surayya na gaskiya yana fitowa ne gefe ɗaya, kudu da tauraron Merope, inda Wilhelm Tempel ya gano shi a 1859.

Na ƙarshe shi ne Nasara, M44, wadda manoma suka sani a lissafin damina. Tana hawa ƙololuwa awa uku bayan M42. Shekarunta sun haura miliyan 600, masu zafin sun mutu tuntuni, taurarin sun fara warwatsewa.

Karina da na damina

Karina, NGC 3372, ya fi M42 faɗi sau huɗu a sama, amma daga Zariya digiri 19 kawai yake hawa, haskensa na ratso iska ninki uku. Yana ƙololuwa da misalin 11:45 na dare a tsakiyar Maris, 9:45 a tsakiyar Afrilu. Kafin ka fita, juya arewa ka nemi tauraron arewa, wanda ke digiri 11 daga ƙasa. In ya fito sarai, ƙasan sama a wanke take. Dare mafi kyau shi ne wanda ya biyo bayan ruwan farko. Fuskanci kudu, nemi taurari huɗu masu siffar gicciye, ka matsa dama dunƙule ɗaya da 'yan yatsu. A 10x50 za ka ga haske da baƙin layi mai siffar V ya raba shi. Nisansa shekarar haske kusan 7,500. A cikinsa akwai gungun Trumpler 14, wanda bai cika shekara miliyan ɗaya ba, da tauraron Eta Karina, mai ruwan lemo, wanda a 1843 ya yi wata irin fashewa har ya zama na biyu a haske a duk sararin dare, bayan Shi'ira.

Damina tana da nata rabon ga mai haƙurin jiran hadari ya wuce. Gajimaren M8, da gungun NGC 6530 a cikinsa, yana hawa digiri 55 ta kudu da misalin 11 na dare a tsakiyar Yuli, 9 a tsakiyar Agusta, kuma ana ganinsa da ido zalla a cikin farar hanyar taurari. M20 yana digiri ɗaya da rabi arewa da shi, M17 da M16 sun fi gaba. A M16 ne Hubble ya ɗauki sanannen hoton ginshiƙan ƙura a 1995. A madubi gungun kaɗai za ka samu. Matsalar wannan lokacin raɓa ce. Naɗa kwali ya zarce bakin bututu da tsawon faɗinsa sau ɗaya da rabi, in kuma gilashi ya yi gumi kada ka goge, karkatar da shi ƙasa ka yi masa fifita.

Ɗaukar hoto

Henry Draper ne ya fara ɗaukar hoton M42 a 1880, kuma wayar hannunka ta fi farantinsa jin haske. Kafa ta a kan mazauni mai ƙafa uku, shiga saitin hannu, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 1600, tsawon ɗauka daƙiƙa 10, fokas a kan iyakar nesa, ka sa jinkirin daƙiƙa 3 don kada taɓawa ta girgiza ta. M42 zai fito ɗan tabo mai ruwan hoda.

Da babbar kyamara, abin lura shi ne Oriyon yana saitin layin da ya raba duniya biyu, inda taurari suka fi gudu, digiri ɗaya kowane minti huɗu. Da gilashi mai milimita 50 kada ka wuce daƙiƙa 4. Da mai 135, daƙiƙa 1. In taurari sun zama gajerun layuka masu fuskantar gefe ɗaya, lokacin ya yi yawa. In sun zama ƙwallaye, fokas ne; gyara shi a kan Rijil da hoton allo a kusance, ka liƙe zoben da salatif. Buɗe gilashin zuwa f/2.8, ISO 1600 zuwa 3200, tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba. Ɗauki 200 zuwa 300, kana dawo da abin tsakiya bayan kowane minti biyu ko uku, sannan ka rufe murfi ka ɗauki baƙaƙen hotuna 30 da saiti ɗaya, don a cire dusar kyamarar da su, nan take kafin zafin kyamarar ya sauya. Haɗa su a kwamfuta da Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne. Hoto 100 yana rage dusar hoto sau 10, 400 sau 20, don haka ribar tana raguwa yayin da adadin ke ƙaruwa. Tsakiyar M42 tana saurin ƙonewa fari fat. Ɗauki wasu 20 a rubu'in daƙiƙa don ceto Tirafiziyam.

Bayan an tashi

Ƙurar hunturu tana da yashi a ciki, kuma gogewa da gefen riga ita ce ke kashe gilasai a garin nan. Rufe murafai tun a waje. A gida hura ƙurar da 'yar robar hura iska, ka share da burushi mai laushi, sai in akwai tabon yatsa ne za ka sa ɗigon ruwan goge tabarau a ƙyalle mai tsabta, daga tsakiya zuwa gefe. Madubin cikin teleskof kuwa a bar shi da 'yar ƙurarsa. Wanki sau ɗaya a shekara ya isa. Da damina a ajiye kayan a akwati mai rufuwa tare da ƙunshin silika irin na cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa shanya ƙunshin a rana duk bayan mako biyu, domin danshi yana tsirar da fumfuna a cikin gilashi, kuma in ta ci rufin gilashin ba ta gyaruwa.